Filin Tambaya da Amsa: Shin Mutum-mutumi Yana Iya Tsare Kurmi?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa. Masu su ba su san juna ba, amma magana ɗaya ce ta haɗa su, wato sassaƙe-sassaƙen da ake kafawa a bainar jama'a waɗanda aka ciro siffofinsu daga almarar mutanen kurmi, da kuma iƙirarin da ake yi cewa suna taimakawa wajen kare daji. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Ni malamar zane-zane ce a wata makarantar sakandare da ke Barnawa a garin Kaduna. A lokacin taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Burazil, ɗalibaina sun kawo mini hoton wani yaro mai jan gashi kamar harshen wuta, ƙafafunsa suna duban baya, suka ce shi ne tambarin taron. Na kuma ga hotunan mutum-mutumin wasu dodanni da aka kafa a wuraren shaƙatawa na can. Mene ne asalin waɗannan siffofi, kuma da gaske suna hana a sare daji, ko kuwa ado ne kawai?

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri da ba ki kori tambayar yaran nan ba. Wanda suka nuna miki sunansa Kurupira, kuma shi ne aka ɗauka a matsayin alamar taron COP30 da aka yi a birnin Belem, a bakin dajin Amazon, cikin watan Nuwamba na 2025. Labarinsa ya girmi ƙasar Burazil kanta, domin tun 1560 wani limamin mishan mai suna José de Anchieta ya ambace shi a wasiƙarsa, yana ba da labarin yadda 'yan asalin yankin suke tsoronsa. A almararsu, Kurupira shi ne mai tsaron daji da namun da ke cikinsa. Ba ya damuwa da maharbin da ya kashe abin da zai ci da iyalinsa, amma wanda ya wuce gona da iri, ko ya harbi dabba mai ciki ko mai shayarwa, ko ya sare itace don ɓarna, sai Kurupira ya riƙa yi masa fito daga nan da can har ya rikice. Idan mutumin ya ga sawu ya ce zai bi don ya fita, sai sawun ya ƙara nutsa shi cikin ƙungurmin daji, tunda ƙafafun mai sawun a juye suke. A 1970 jihar Sawo Paulo ta yi doka ta mai da shi alamarta ta tsaron dazuzzuka.

Dodon da kika gani kuwa, mai yiwuwa Mapinguwari ne, wanda ake siffanta shi da girman jiki, da gashi buzu-buzu, da ido ɗaya, da baki a tsakiyar ciki. Akwai mutum-mutuminsa a wurin shaƙatawar da aka sa wa sunan Chico Mendes a birnin Riyo Buranko na jihar Akre. Ina so ki lura da wannan suna sosai. Chico Mendes mai tatsar roba ne da ya jagoranci 'yan'uwansa suna tsayawa da jikinsu a gaban masu sarar daji, har aka harbe shi a gidansa da ke Shapuri ranar 22 ga Disamba 1988. Saboda haka dodon almara yana tsaye ne a filin da ke ɗauke da sunan mutumin da ya ba da ransa, kuma a ganina rabin amsar tambayarki yana cikin wannan haɗi.

Sauran rabin yana nan gida Nijeriya, kuma na gan shi da idona. Shekarun baya wani aiki ya kai ni Oshogbo, na ce ba zan bar garin ba sai na ga kurmin Oshun. Daga bakin titi, inda ƙarar babura da zafin kwalta suke damun mutum, tafiyar 'yan mintoci ce kawai sai na ji sanyi ya sauko mini a wuya, hasken rana ya koma ɗigo-ɗigo a ƙasa, birai suna tsalle a kan rassa ba tare da sun kula da mu ba. A gefen hanya akwai katanga ta siminti wadda ba ta miƙe ba ko kaɗan, tana lanƙwasa kamar saiwa, gansakuka ya rufe ta har sai mutum ya matsa kusa kafin ya bambance inda aikin magini ya ƙare da inda kututturen itace ya fara. Wasu sassaƙe-sassaƙen sun ninka tsawon mutum sau da dama, hannuwansu a miƙe sama kamar rassa. Ban je don ibada ba, kuma ban yi ba, amma na fito ina tunanin yadda aka yi hekta 75 na tsohon kurmi suka tsira a gefen babban birnin jiha.

Yadda aka yi shi ne, almarar kafuwar garin ta ce mutanen farko da suka sauka a bakin kogin Oshun, ƙarƙashin Larooye da maharbi Olutimehin, sun sare wata bishiya ta faɗa cikin ruwa, sai suka ji murya daga kogin tana ƙorafin cewa sun fasa mata tukwanen rini. Daga nan aka ƙulla alkawari: mutane su matsa gaba su kafa gari, su bar kurmin, ita kuma Oshun, wato uwar ruwan da suka yi imani tana cikin kogin, ta kare su. A kan wannan alkawari aka haramta farauta da kamun kifi da noma da sarar itace a wurin. To amma zuwa shekarun 1950 wannan hani ya yi rauni ƙwarai, wuraren bauta sun ruɓe, ana sace kayan tarihi, an shiga farauta, har an kafa gonar itacen katako a wani sashe. A wannan hali ne wata mai zane 'yar ƙasar Ostiriya, Susanne Wenger, wadda aka haifa a 1915 ta kuma zo Nijeriya wajen 1950, ta haɗa kai da masu sana'ar hannu na garin, cikinsu har da wani birkila mai suna Adebisi Akanji, suka shiga gyara wuraren da suka rushe da kuma gina sababbin siffofi da rodi da siminti. Abin da waɗannan gine-gine suka yi shi ne sun shata iyaka wadda ido yake gani. Mai neman fili da zai iya cewa wannan daji ne kawai ba mai shi, yanzu sai ya tarar da katanga da ƙofa da aikin da aka kashe shekaru ana yi. A 1965 gwamnati ta ayyana wani sashe na kurmin a matsayin abin tarihi na ƙasa, aka faɗaɗa shi a 1992, sannan a 2005 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Wenger ta rasu a Oshogbo a 2009.

Saboda haka, Malama, amsata ita ce sassaƙa tana iya taimakawa, amma ba ita kaɗai ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Oshogbo an samu tsohuwar al'ada wadda ba ta mutu gaba ɗaya ba, da sarkin gari mai sarautar Ataoja da ke da hannu a bikin da ake yi duk watan Agusta, da dokar gwamnati, da mutanen da suke kwana suna tashi a kan kula da wurin. Ko simintin kansa ba ya jure damshin kurmi, sai an riƙa bin sa da gyara. Kuma akwai iyakar da ba ya iya ƙetarewa: a 'yan shekarun nan ruwan kogin Oshun ya rine ya koma ja saboda haƙar zinariya da ake yi a can sama wajen ƙasar Ijesha, kuma babu wani mutum-mutumi da ya iya tare wannan laka. Idan za ki gaya wa ɗalibanki abu ɗaya, ki gaya musu cewa duk inda suka ga siffa tana tsaron daji, su tambayi wane ne yake tsaron siffar.

TAMBAYA: Ni dattijo ne mai karantar da yara a Tudun Wadar Kaduna. Na ji ana yaba irin waɗannan abubuwa a rediyo da sunan kare muhalli, kuma hankalina bai kwanta ba. Ashe wannan ba dawo da gumaka ba ne ta bayan gida? Kakanninmu sun sha wahala kafin su raba mutane da tsafin bishiyoyi. Ina so a faɗa mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, damuwarka tana da tushe, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Kurmin Oshun wurin bauta ne na masu addinin gargajiyar Yarabawa har gobe, kuma waɗanda suka yi aikin ba su taɓa ɓoye haka ba. Jumhurin malamai sun tafi a kan haramcin sassaƙa siffar abu mai rai, kuma sananne ne abin da ya faru a kan hanyar Hunaini, lokacin da wasu sababbin shiga Musulunci suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya musu wata magarya da za su riƙa rataya makamansu don neman albarka kamar yadda mushrikai suke yi da tasu mai suna Zatu Anwaɗ, ya kuwa tsawata musu da kakkausar murya. Ba na kiran Musulmi ya kafa Kurupira ko wata uwar ruwa a shataletalen garinmu, kuma fatawa ta ku malamai ce, ba ta marubucin mujalla ba.

Sai dai akwai wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon Malam ya dube shi tare da ni. Mu ma muna da irin wannan tarihi. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, da kurmin Jakara da ake kira Kurmin Baƙin Ruwa, wanda ba a taɓa itacensa. Har zamanin ƙuruciyarmu, yaro ba ya jifan tsamiya da tsakar rana, kuma mai gatari yana kauce wa tsohuwar kuka saboda an ce gidan iskoki ce. Musulunci ya zo ya cire wannan tsoro daga zukata, kuma alheri ne da ya cire shi. Amma addinin da ya cire tsoron ya kawo abin da ya fi shi ƙarfi, mu ne muka ɗauki rabi muka ajiye rabi. Manzon Allah ya haramta sare itatuwan haramin Makka da na Madina, ya keɓe hurumin Naƙi'u don kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe na Rabaza, kuma ya tabbata cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. A yau Jakara ta zama magudanar ruwan datti, kurmin kuma ya rage a sunan kasuwa kawai. Mun daina tsoron aljanin tsamiya, amma ba mu maye gurbinsa da tsoron hisabi a kan tsamiyar ba, shi ya sa ta zama buhun gawayi.

Game da sassaƙa kuwa, ƙofar ba a rufe take ruf ba. Buhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin siffofi yake ci da iyalinsa, sai ya gargaɗe shi da azabar masu yin haka, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya ce masa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi siffar bishiya da duk abin da ba shi da rai. Alhazanmu da suka ratsa Jidda sun ga manyan fitilu da ƙaton keke da sauran siffofi a shataletalen birnin, waɗanda aka kafa a shekarun 1970 da 1980 zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi. Kuma biyu daga cikin ayyukan da suka fi girgiza mutane a kan sarar kurmi ba su ƙunshi siffar mutum ko ta dabba ba. Frans Krajcberg, wanda ya rasa danginsa a Yaƙin Duniya na Biyu a Folan ya koma Burazil a 1948, ya shafe shekaru yana tsinto ƙonannun gungumai daga dazuzzukan da aka cinna wa wuta, yana tsayar da su a gaban jama'a har ya rasu a 2017. Ita kuwa Angela Palmer, 'yar Birtaniya, kututture goma na manyan itatuwan kurmin Gana ta ɗauko da saiwoyinsu, ta jibge su a dandalin Tarafalga na Landan a Nuwamba 2009, daga nan aka wuce da su Kofanhegan inda ake taron sauyin yanayi a watan Disamba. Ba ta sassaƙa komai ba, gawar bishiyar ce ta yi magana da kanta. Ban ga abin da zai hana mai tauhidi tsayawa gaban irin wannan ya yi tunani ba.

Ƙari a kan haka, Kaduna gari ne na Musulmi da Kirista, kuma malaman coci da yawa suna da irin ƙyamar da Malam yake da ita ga duk abin da ya yi kama da tsafi. Abin da za a kafa a filin kowa da kowa ya kamata ya zama wanda ba zai sa wani ya kau da kai ba idan ya zo wucewa.

TAMBAYA: Ina karatun sassaƙa a jami'a a Zariya, kuma gidanmu yana Kakuri. Ina son aikin kammala karatuna ya kasance a kan daji, amma mu nan ba mu da kurmi irin na Amazon ko na Kuros Riba, kuma ba mu da almara irin tasu. Da me zan fara?

AMSA: Ɗana, ka fara da hawa motar haya daga Kakuri zuwa Kawo kana sauraron abin da kwandasta yake kira. A bayan gidanku akwai Kurmin Gwari. Gaba akwai Kurmin Mashi. Akwai Unguwar Rimi, kuma tsakiyar garin ana ce masa Doka, sunan itacen da ya fi yawa a dajin wannan yanki. Kawo kansa sunan itace ne mai kyawun katako. Sunan garin Kaduna gaba ɗaya, bisa mafi shaharar bayani, daga kadduna ya samo asali, wato kadojin da suka cika kogin. Dajin da kake cewa ba mu da shi yana nan a bakin kowa safe da yamma, itatuwan ne kawai suka tafi suka bar sunayensu. Ka shiga Kurmin Mashi ka nemi inuwar da za ta ɗauki mutum goma, sannan ka dawo mu yi magana.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa jihar nan ba ta da kurmi na sosai. Ka je kudu wajen Kagoro, inda duwatsu suke tare iskar damina ruwa ya yi yawa, ka ga dajin Nindam, wanda masana tsuntsaye suka sani saboda ana samun irin tsuntsayen kurmin kudu a cikinsa. A can ne kuma ake bikin Afan ranar 1 ga Janairu, bikin da tushensa yake haɗe da dutse da buɗe lokacin farauta, abin da ke nuna cewa a da akwai lokacin da ba a shiga. Ka zauna da dattawan wurin ka tambaye su waɗanne kurame ne ba a sara a da, kuma wane ne yake hukunta wanda ya sara. Kada ka ɗauki labarinsu ka tafi da shi ba da izininsu ba. Ta fuskar sana'a ma ba baƙo ba ne kai, domin a ƙauyen Nok na wannan jiha masu haƙar kuza suka fara tono siffofin yumɓu a 1928, kuma a 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, wani kan mutum na yumɓu da aka samo wajen garin Jama'a, wanda wani ya ɗora a kan sanda yana korar dabbobi da shi a gonar doya. Waɗannan ayyuka sun haura shekara 2,000, kuma kana iya ganin wasunsu a gidan tarihi da ke titin Ali Akilu. A makarantarku kuma aka kafa wata ƙungiyar ɗalibai masu fasaha a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka dage cewa mai fasaha ya haɗa abin da ya koya da abin da ya gada.

Idan shawarata kake so, ga abin da na daɗe ina fatan wani ya yi. A layinmu akwai wani maɗaci da aka dasa tun zamanin Turawa, wanda mutum biyu ba sa iya zagaye shi da hannu. Mai shayi yana gindinsa, masu wankin hula suna shanya a gefensa, tsofaffi suna ɓare ɓawonsa kaɗan don maganin ciki. Da aka zo faɗaɗa titi, cikin wuni ɗaya injin yanka ya kwantar da shi, kututturen ya yi makonni a gefen hanya yana zubar da jan ƙaro, kafin masu gawayi su farfasa shi. Na tsuguna na fara ƙirga zoben shekarunsa, hayaniyar motoci ta sa na ɓace a lissafi. Irin wannan kututture nake so ka nema. Ka tono shi da saiwoyinsa, ka busar da shi a inuwa don kada ya tsage, ka yi masa maganin gara, ka ɗora shi a kan dakali mai tsawo yadda ruwan damina ba zai kwanta a ƙarƙashinsa ba. A jikin dakalin ka yi zanen dagi da sauran adon da maginan Zazzau suke yi a fuskar soro, ka rubuta sunayen unguwannin nan da boko da ajami, tare da sunayen itatuwan da suke ƙarewa, kamar madobiya, wadda aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin har aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya tun 2017.

Kafin ka taɓa kurfi ko gizago, ka nemi izinin hukuma a rubuce, ka gaida mai unguwa, ka kuma sami mutanen da za su ce aikin nasu ne, ko masu shayin wurin ne ko 'yan wata makaranta da ke kusa. Ka guji tagulla da duk ƙarfen da 'yan jari-bola za su yi kwaɗayinsa. A kewayen dakalin ka bar ramuka huɗu ko biyar don dashen maɗaci da kawo da doka, a sa su a farkon damina wajen watan Yuni, a kewaye su da kwando saboda awaki, kuma a cikin kuɗin aikin ka ware na wanda zai riƙa ba su ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu na shekara biyun farko. Idan ka samu kututturen, ka rubuto mana, zan zo in taya ka ƙirga zoben.